Su Wane Ne a Cikin Layin Nan na Kan Everest?

Wani dare cikin hunturu, a majalisar da muke zama bayan sallar isha'i a Tudun Wada, wani matashi ya miƙo wayarsa domin mu ga wani hoto. Mutane ne birjik cikin kayan sanyi ja da rawaya, sun yi layi a kan wani siririn doron ƙanƙara, kowa ya maƙale da igiya guda, kamar layin mai a lokacin tsada. Hoton na watan Mayun 2019 ne, wani ɗan ƙasar Nepal mai suna Nirmal Purja ya ɗauke shi dab da ƙololuwar Everest, tsauni mafi tsayi a duniya. Wayar ta zagaya har ta kai hannun dattijon majalisar, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda duk muke kira Baba. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce da ni, "Malam, wannan ai ƙoshi ne. Wanda bai gama biyan kuɗin makarantar yara ba, ina ya ga sararin zuwa ya daskare a kan dutse?" Aka yi dariya, har da ni. To amma ni malamin labarin ƙasa ne, na yi shekaru ina rubuta sunan tsaunin nan a allo, kuma a daren na lura ban taɓa tambayar kaina su wane ne suke hawansa ba. Wannan rubutu sakamakon 'yan makonnin da na yi ina bin amsar ne.

Kafin a zo ga mutanen, ya kamata mai karatu ya san abin da suke tunkara. Tsayin Everest, bisa awon da ƙasashen Nepal da Sin suka sanar tare a 2020, mita 8,848.86 ne. Tsauni mafi tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne, garin Kaduna kuwa bai wuce kimanin mita 600 daga saman teku ba. Zangon farko da masu hawa ta ɓangaren Nepal suke kafa tantuna, wato inda aikin yake farawa, yana kan mita 5,364, ya ninka Chappal Waddi sau biyu har da ɗoriya. A can ƙololuwa, iskar oksijin da mutum yake samu a numfashi guda kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta abin da yake samu a bakin teku, shi ya sa ake kiran duk abin da ya haura mita 8,000 yankin mutuwa, domin jiki ba ya sabawa da wurin, ƙarewa kawai yake yi a hankali. Tafiyar takan ci kusan wata biyu, a hau zango a kwana, a sauko a huta, a sake hawa, har jini ya ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗaukar iska. Wanda ya yi gaggawa, ruwa kan taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, sanyi kuma yana kashe yatsu har sai an yanke su. Ni da na taɓa raka ɗalibai Dutsen Kufena a Zariya na dawo ina haki kamar wanda kura ta koro, ba ni da bakin raina kowa a cikinsu.

Mutum biyun da suka fara taka ƙololuwar ranar 29 ga Mayun 1953 su kansu sun isa su rikita hukuncin Baba. Edmund Hillary mai kiwon zuma ne daga ƙasar Niyu Zilan. Tenzing Norgay kuwa ya fara zuwa tsaunin ne a 1935 a matsayin ɗan dako, kuma tafiyar 1953 ita ce ta bakwai da ya yi zuwa can. Tsarin tafiyar ya yi kama da ayarin fataken da kakanninmu suka riƙa yi zuwa Gwanja: akwai madugu, wani hafsan sojan Ingila mai suna John Hunt, akwai jagorori, akwai ɗaruruwan masu ɗaukar kaya waɗanda tarihi bai riƙe sunayen galibinsu ba. A zamanin, hawan tsauni gasar ƙasashe ce, kuma labarin nasarar ya isa Landan a safiyar ranar da aka naɗa wa Sarauniya Elizabeth kambi. An ba Hillary da Hunt sarautar jarumta ta Ingila, shi kuwa Tenzing aka ba shi lambar yabo. Tun daga wannan rabo na fara hango abin da zan koma kansa a gaba.

Akwai wani jinsin mahaya da nake ganin mu Hausawa ba za mu sha wuyar gane su ba, domin muna da irinsu a fagen dambe da farauta: mutanen da abin ya shiga jininsu, suke neman su gwada iyakar da jiki zai kai. Jigonsu shi ne Reinhold Messner, ɗan arewacin Italiya. A 1970 ya rasa ƙanensa a kan tsaunin Nanga Parbat na Pakistan, shi kuma aka yanke masa yatsun ƙafa da dama, amma bai bari ba. A 1978 shi da Peter Habeler suka hau Everest ba tare da tukunyar oksijin ba, abin da masana da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba, a 1980 ya sake hawa shi kaɗai, kuma a 1986 ya zama mutum na farko da ya hau dukan tsaunuka 14 da suka haura mita 8,000. Irin waɗannan ba su da yawa a layin da muka gani a hoto, da yawansu ma suna kallon layin da ƙyama.

Labarin mata ya fi jan hankalina. Junko Tabei 'yar Japan ce, gajeruwa da ba ta fi mita ɗaya da rabi da ɗan wani abu ba, mai aure da 'ya ƙarama. Da ta fita neman tallafin tafiyar ayarin mata zalla, wasu suka ce mata ta koma gida ta yi renon yara, ta kuwa haɗa da koyar da kiɗan piyano domin cike giɓin kuɗi. A kan tsaunin, ƙanƙara ta zaftaro ta binne tantinsu cikin dare, sai da jagorori suka tono ta a sume, amma bayan kwana 12, ranar 16 ga Mayun 1975, ta zama mace ta farko da ta kai ƙololuwa. A 2013 wasu Musulmi mata biyu suka hau a mako guda: Samina Baig daga ƙauyen Shimshal na arewacin Pakistan, da Raha Moharrak daga Jidda, wadda ta ce shawo kan mahaifinta ya yarje mata yana cikin manyan wahalhalun tafiyar. Duk wanda ya girma a gidan Bahaushe ya san abin da take nufi. Shekara guda bayan haka, Malavath Purna, 'yar wasu ma'aikatan gona matalauta daga Indiya, ta hau tana da shekara 13. A nan ina da ja, domin ban yarda yarinya mai shekara 13 ta isa ta auna haɗarin da za ta shiga ba, kuma yabon da aka yi mata bai goge mini tambayar wane babba ne ya sa hannu ba.

Sa'an nan ga waɗanda suka fi kunyata tunanina. Mun saba a titunan Kaduna mu ga makaho da ɗan jagora a gefen danja, mu miƙa sadaka mu wuce, har zuciya ta ɗauka iyakar abin da rayuwa ta tanadar masa ke nan. Erik Weihenmayer, Ba'amurke, ya makance tun yana ɗan shekara goma sha, ya yi karatu ya zama malamin makaranta, kuma ranar 25 ga Mayun 2001 ya tsaya a kan Everest, yana bin ƙarar ƙararrawar da abokin tafiyarsa na gaba yake kaɗawa. Arunima Sinha 'yar wasan ƙwallon raga ce a Indiya, ɓarayi suka jefo ta daga jirgin ƙasa a 2011 ta rasa ƙafa ɗaya, bayan shekara biyu ta hau da ƙafar roba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Xia Boyu, ɗan ƙasar Sin. A 1975, yana saurayi cikin ayarin ƙasarsa, guguwa ta tsare su a sama, ya ba wani abokinsa da ya galabaita buhun barcinsa, sanyi ya cinye masa ƙafafu. Daga baya ciwon daji ya kama shi aka ƙara yanke su ƙasa da gwiwa. Ya yi ta komawa ana koro shi, wata shekara zaftarewar ƙanƙara, wata shekara girgizar ƙasa, wata shekara guguwa. A ƙarshen 2017 gwamnatin Nepal ta haramta wa makafi da masu yankakkun ƙafafu biyu hawa, Kotun Ƙolin ƙasar ta dakatar da dokar, shi kuma ya kai ƙololuwa a watan Mayun 2018 yana da shekara 69, shekara 43 bayan yunƙurinsa na farko. Ba a kiran wannan ƙoshi. Ko tsufa ma bai zama katanga ba, tunda Yuichiro Miura na Japan ya hau a 2013 yana da shekara 80, bayan an yi masa aikin zuciya fiye da sau ɗaya.

Duk da haka Baba bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A 1985 wani attajirin jihar Texas mai suna Dick Bass ya hau Everest yana da shekara 55, da taimakon ƙwararru, kuma wannan ya nuna wa masu hali cewa kuɗi na iya sayen abin da a da sai gwanaye suke samu. Cikin 'yan shekaru kamfanonin jagoranci suka buɗe, hawan tsauni ya zama kasuwa. Takardar izinin gwamnatin Nepal kaɗai ta daɗe a kan dala 11,000, aka ɗaga ta zuwa 15,000 a 2025, cikakkiyar tafiya kuwa takan ci dubban daloli masu yawa, ta alfarma ta haura dala 100,000. Kowa ya juya wannan zuwa naira ya ga gidaje nawa ne a Rigasa. Akwai masu zuwa don a ce sun je, waɗanda ba su iya ɗaura wa kansu takalmin ƙanƙara ba, kuma su ne suke jawo cunkoson da ke sa oksijin ɗin wasu ya ƙare a layi.

Amma ko a cikin masu biyan ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 1996 guguwa ta kashe mutum takwas a kan tsaunin, kuma in aka duba ayarin da wani jagora mai suna Rob Hall ya jagoranta, za a ga mutane da babu abin da zai haɗa su a duniya in ban da wannan dutse. Akwai Doug Hansen, ma'aikacin gidan waya da ya riƙa haɗa aiki biyu yana tara kuɗin tafiya. Shekarar da ta gabata an juyo da shi yana ganin ƙololuwa da idonsa, hangen Dala ba shiga birni ba, abin ya tsaya masa a rai ya koma, ya kai a makare, bai sauko ba, Hall kuma ya ƙi barinsa har shi ma ya rasa ransa. Akwai Yasuko Namba, ma'aikaciyar ofis daga Tokyo mai shekara 47, wadda ta mutu a hanyar saukowa. Akwai Beck Weathers, likita daga Dallas, wanda daga baya ya faɗa da bakinsa cewa ciwon damuwa yake gudu ya shiga hawan tsaunuka. An bar shi a ƙanƙara an ɗauka ya mutu, ya farka ya taka da kansa zuwa zango, ya rayu ba hannun dama, ba yatsun hagu, hancinsa ma sai da aka sake gina masa. Mai gudun baƙin ciki, da mai tara albashi, da mai neman suna, duk igiya ɗaya suka riƙe.

'Yan Afirka ma suna cikin layin, ko da yake ba su da yawa. Sibusiso Vilane, wanda ya yi aikin gadin gandun daji a ƙasar Suwazilan, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya hau, a 2003. Saray Khumalo ta Afirka ta Kudu ta kai a 2019 a yunƙurinta na huɗu, tana tara wa makarantu kuɗin ɗakunan karatu da tafiye-tafiyenta. James Kagambi, tsohon malamin makaranta ɗan Kenya, ya hau a 2022 yana da shekara 62. Bayansa da shekara biyu wani ɗan ƙasarsu ma'aikacin banki, Cheruiyot Kirui, ya gwada hawa ba oksijin, ya mutu dab da ƙololuwa, iyalinsa suka yanke shawarar a bar gawarsa a can saboda haɗarin da masu ɗauko ta za su shiga. Jagoran da ke tare da shi, Nawang Sherpa, shi ma ya ɓata a wurin, amma sai mutum ya karanta labarin har ƙasa kafin ya ci karo da sunansa.

A nan ne na gane cewa bambancin fata da shekaru da lafiyar jiki, duk da yawansa, ba shi ne babban rabon da ke cikin layin ba. Babban rabon shi ne tsakanin wanda ya biya don ya hau da wanda aka biya don ya hau da shi. Sherpa sunan ƙabila ne, mabiya addinin Buda da kakanninsu suka ƙauro daga Tibet kimanin shekara 500 da suka wuce, suna kiran tsaunin Comolungma, kuma kafin zuwan Turawa ba su da al'adar hawa ƙololuwarsa. Noman dankali da kiwo da fatauci suke yi. Yau su da sauran ƙabilun Nepal ne suke kafa tsani a kan ramukan ƙanƙarar Khumbu, su ɗaura igiya tun daga ƙasa har sama, su kai tantuna da abinci da tukwanen oksijin kowane zango, su dafa shayi, su kuma sauko da wanda ya kasa. Wurin da baƙo yake ratsawa sau kaɗan yana addu'a, su ninkin-ba-ninkin haka suke ratsa shi da kaya a baya. Ranar 18 ga Afrilun 2014 wani katafaren ɓangaren ƙanƙara ya karye a wannan wuri ya kashe ma'aikata 16, dukansu 'yan Nepal, babu baƙo ko ɗaya, domin da sassafe ne, lokacin kai kaya. Abin da gwamnati ta fara yi wa iyalansu tayi shi ne rupi 40,000 kowane gida, kimanin dala 400, wannan ya harzuƙa sauran suka ajiye aiki, aka rufe hawan shekarar ta wannan ɓangare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ɗauka ina nuna su a matsayin abin tausayi kawai, domin su ne gwanayen fagen. Kami Rita Sherpa ya fara hawa Everest a 1994, kuma a watan Mayun 2025 ya kai ƙololuwa karo na 31, ba wanda ya kama ƙafarsa. Lhakpa Sherpa, wadda ba a sa ta makaranta ba tana yarinya, ta hau karo na 10 a 2022, fiye da kowace mace a duniya, alhali a tsakanin tafiye-tafiyen ta taɓa yin aikin wanke-wanke a wani kanti a Amurka don ta ciyar da 'ya'yanta. Ranar 16 ga Janairun 2021 'yan Nepal goma suka hau K2, tsauni na biyu a tsayi mai mita 8,611, a tsakiyar hunturu, abin da ya gagari manyan mahayan duniya shekaru da yawa, kuma da suka zo dab da ƙololuwa sai suka jira juna suka taka tare suna rera taken ƙasarsu. Yanzu manyan kamfanonin jagoranci da dama na 'yan Nepal ne, kuma abin da jagora yake samu a lokacin hawa guda ya fi abin da manomin ƙauyensu zai samu a shekara nesa ba kusa ba. Hillary ma, don a yi masa adalci, ya ƙare rayuwarsa yana gina musu makarantu da asibitoci, tun daga makarantar Khumjung a 1961. Sai dai Kami Rita da kansa ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa ba ya son 'ya'yansa su gaji wannan aiki, kuma wannan magana ta fi mini duk alkaluman da na karanta nauyi. Mai biya yana fatan ɗansa ya yi alfahari da hotonsa, wanda ake biya yana hawa ne don ɗansa ya zauna a aji.

Da na koma majalisa na kwashe duk wannan na faɗa wa Baba, bai nuna mamaki da makaho ko da tsoho ɗan shekara 80 ba. Ya ce ai ya ga tsofaffin mata namu suna rarrafawa kan Jabalun Nur don su leƙa kogon Hira alhali ba wanda ya wajabta musu, saboda haka ya san zuciya in ta ƙudurta abu ba ta jin shawarar gwiwa. Inda ya gyara zama shi ne da na zo kan labarin Muhammad Hassan, wani ɗan dako daga yankin Shigar na Pakistan, mai shekara 27 da 'ya'ya uku. A watan Yulin 2023 ya zame a wata matsattsiyar hanya kusa da ƙololuwar K2, ya kwanta yana jinya a sama da mita 8,000, aka kuma ɗauki hoton mahaya suna tsallake shi suna ci gaba. An yi ta muhawara, wasu da ke wurin suka ce sun yi sa'o'i suna ƙoƙarin ceto shi wurin bai ba da hali ba, wasu suka ce da Bature ne mai biya da an bar ƙololuwa an sauko da shi. Rahotanni sun nuna ba shi da kayan sanyin da suka dace da wannan tsayi, kuma bai taɓa aiki a irin wurin ba.

Baba ya yi shiru, mai shayi ya zo ya kwashe kofuna. Sa'an nan ya ce, "Malam, an yi masa sutura kuwa?" Na ce masa bayan shekara guda wata 'yar Pakistan mai suna Naila Kiani, ma'aikaciyar banki kuma uwa, wadda ita ma mahayiya ce, ta haɗa wasu 'yan dako 'yan uwansa suka hau suka sauko da gawar, aka kai ta ƙauyensu aka binne. Ya ce, "To alhamdu lillahi. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari." Muka ce amin. Ya sake karɓar wayar matashin nan, ya matso da hoton kusa da idonsa, yana bin layin da yatsa, ya tambaye ni ko akwai yadda za a gane waɗanne ne masu ɗaukar kayan a cikinsu.